Dusar Katako

Hudu ya zo da wayarsa, fuskarta a tsage,
ya dangwarar da ita kan bencin da nake walda.
"Kawu, kashe wutar nan ka duba."

Na duba. Wata ƙasa ce fara fat,
ba bishiya, ba kwata, ba mai talla.
Wani mutum bisa injin da ba shi da taya,
gaba silalo biyu, baya sarƙa,
ya hau tudu, ya bar ƙasa,
ya juya a sama kamar waina a tanda,
ya saki hannu, ya sake kamawa,
ya dira, farin gari ya tashi ya binne shi.

"Dusar ƙanƙara ke nan," in ji Hudu,
shi da bai san wata ƙanƙara ba sai ta firjin Adiza
mai zoɓo a bakin garejinmu.

Na ce masa nan Kumasi ce.
Abin da ke ƙasa a Suame ƙusa ne da baƙin mai.
Ya ce, "Yaron Aboabo ya tsallake gawar tasi biyar.
Ni bakwai nake so."

Kwana goma sha ɗaya ina haɗa masa tudu
da ƙarfen wata tirela da ta mutu tun ina saurayi.
Na sha rantsuwa ba zan ƙarasa ba,
amma na san ɗan ƙanwata:
in na ƙi, zai jingina katako a kan ganga.
Gara waldata da igiyar wani.
Kowace gaɓa sau biyu na bi ta.
In na kwanta, tartsatsi na ci gaba a cikin idona.

Ran Lahadi Kwabena ya kawo buhu arba'in
daga masu yankan katako na Anloga,
aka zazzage bayan motar ƙarshe.
Hudu ya cusa hannu ciki har gwiwa yana dariya:
"Su da tasu dusa, mu da tamu."

Tasi bakwai a jere, ba gilashi, ba ƙafa,
kaza ta yi ƙwai a cikin ta huɗu.
Yara sun cika rufin kwano.
Adiza ta rufe firji ta juya baya.
Uwarsa na Asawase tana jira ya kawo mata gawayi.

Ya ja da baya har bakin masallaci.
Ya murɗa, babur ya yi kukan ɗan akuya ran yanka.
Ya taho.
Allah ya sani ban kalli yaron ba,
gaɓa ta uku nake kallo, wadda ta hana ni barci.
Ta riƙe.

Sai shiru. Ban taɓa jin Suame shiru ba.
Inuwarsa ta bi ta kan ta ɗaya, ta biyu,
kazar ta fito da gudu,
ta biyar, an bar yaron Aboabo a baya,
ta shida,
sai tayar baya ta lashi rufin ta bakwai, ƙwal!
Babur ya yi gabas, Hudu ya yi yamma,
dusa ta tashi ja-ja, da ƙamshin ɗanyen itace,
ta rufe shi daidai yadda na gani a waya.

Muka tono shi. Kafaɗa a karye, baki cike da gari.
Bai ce wayyo ba. Ya ce, "An ɗauka?"
Kwabena ya duba wayar:
babban yatsansa ne, da ɗan guntun sama, da ihun yara.

Yanzu a teburin shayin Mumuni gardama ake:
shida ne, ko shida da rabi?
'Yan Aboabo sun ce ba hoto, ba magana.
Hudu na gefe, hannu a rataye,
yana zana wani tudun a bayan kwalin sukari,
ya fi na farko da taƙi biyu.

Jiya da asuba na yanyanka ƙarfen, na sayar a kilo.
Ban gaya masa ba tukuna.