Cokalin Bajamushe

Kakana Nomau ya ci yaƙin duniya.
Haka takardar ta ce, da hatimi biyu.
Tana nan cikin gwangwanin shayi ƙarƙashin gado,
tare da ƙyallen da lambar girma ta taɓa ratayawa.

Ba da shi aka yi shawara ba.
Yana cirar gyaɗa a hanyar Mirriya
mai gari ya nuna shi da kan sanda.
Aka buɗe masa baki aka duba haƙora
kamar raƙumi a kasuwar Alhamis,
aka kifa masa jar dara,
mota ta kwashe su daga barikin Zinder
kafin uwarsa ta gama kirɓa furar guzuri.

Shekara biyar.
Ya ce akwai ƙasar da ruwa ke kwana ya tashi dutse.
Can ya baro yatsun ƙafa uku,
can ya baro Barmu, da Gwanda, da ɗan makaho mai busa sarewa.
Su bakwai suka tafi. Biyu suka dawo,
na biyun kuma jikinsa kawai ya iso:
Mato, da ke hawa duwatsun Birni da hantsi
yana ba awaki oda.

Gab da ƙarshe aka ba kaka gadin fursuna.
Yaro ne, gemu bai tsiro ba,
yana kuka ba sauti, irin na wanda ya saba a hana shi.
Kaka ya gutsura masa burodi.
Yaron ya laluba takalmi, ya zaro cokali,
da suna karce a jikin mariƙi,
ya miƙo da hannu biyu.
Iyakar hirar da suka yi ke nan.

Ranar da ƙararrawar nasara ta cika birni
su suna bakin teku suna sauke buhuna.
Aka karɓe kaki mai kyau, aka ce na gwamnati ne.

Ya tarar da rumbu a wofi,
geron ma ashe an kai shi yaƙi.
Ya tambayi uwarsa, aka nuna masa
inda tumfafiya ta tsiro a bayan gari.

Duk wata uku sai ya wanke riga
ya ɗingisa zuwa ofishi.
Akawu ya ce gobe. Goben ta haifi jibi.
In kuɗin sun fito, goro ne da kananzir,
sai canjin da ba ya ƙara a aljihu.

Ina ɗan shekara tara
wata babbar mota ta gangaro daga Agadas,
ta tsaya a Zango, inda kaka ke ɗinkin fata.
Jamusawa ne, jajur, ƙoshi har wuya,
kowa da abin ɗaukar hoto a ƙirji.
Kaka ya dube su, ya dubi ƙafarsa.
Ya aike ni gida da gudu.

Wani saurayi ya juya cokalin, ya karanta sunan,
ya ɗaga kafaɗa: masu wannan suna da yawa.
Amma zai saya.
Kaka ya ce a'a.
Ya ciro lambar girma, ya ce ga ta sayarwa.
Suka yi ciniki kamar na akuya,
ta tashi a kuɗin gero tiya shida.
Mun ci tuwonta har bayan Sallah.

Da daren nan na tambaye shi wa ya ci yaƙin.
Yana shan kunu, bai ɗago ba.
Sai da ya suɗe cokalin ciki da baya
ya ce, in yaron nan ya tarar da uwarsa a raye,
to shi.

Mato ya rasu, kaka ya bi shi da damina.
Takardar tana nan, ba mai karanta ta.
Cokalin kuwa yana madafa,
da shi inna ke auna gishiri.