Kati Biyu a Aljihuna

Sau biyu a wata nake shigowa Katsina,
bayan mota cike da maganin dabbobi,
allurar huhu cikin kula, gishirin lasa a buhu.
In na gama da dillalan Charanci
wanka kawai nake nema, da gadon da ba ya ƙara.

Otal ɗin Tauraruwa, wajen Ƙofar Ƙaura,
sun ba ni kati ruwan gwal.
Bara'atu ta turo shi da ɗan yatsa:
"Ka biya kwana tara, na goma namu ne."
Masaukin Gamji, kan hanyar Jibiya,
nasu shuɗi ne, su maki suke tarawa,
kowace dubu maki ɗaya.
In ya taru, su wanke maka riga,
su ba ka ɗakin sama,
in wani babba bai riga ka ba.

Na kifa rasit, na ɗauki biro.
Tauraruwa, janareta na mutuwa ƙarfe biyun dare,
sauro ya karɓi aiki.
Gamji akwai sola,
sai dai makinsu ɗan'uwan tumatir ne,
shekara na juyawa ya ruɓe.
Sun rubuta hakan a ƙasa, da rubutu ƙanana
wanda sai da na ari tabarau.

Uwani ta ce a waya, "Ɗauki mai araha."
Na ce araha ba ta ado.
Ta ce, "Ado ka je yi, ko barci?"

Kakana ma bafatake ne.
Shekara talatin yana sauka Rafin Daɗi
gidan fatomansa, Na'Allah.
Ba kati, ba hatimi,
tabarma ce, da akushi, da turken jaki.
Shekarar da ciwo ya kayar da shi
fatoman ya sayar da kayan,
ya kai kuɗin har gida, ko anini bai yi ciwon kai ba.
Ban ce zamaninsu ya fi ba.
Tabarmar da kuɗin cizo, shi ya faɗa mini da bakinsa.

Na zaɓi gwal. Hatimi bakwai na tara.
Amma ban gaya wa biro gaskiya ba:
Baba Nomau na bi, maigadi,
mai ajiye mini inuwar bedi,
mai duba tayata da tocila ya ce ta baya ta sha iska.
In janareta ya mutu, shi ke tashi
ya nemo ƙanƙara wurin mai shayi
ya zuba a kulata, kada allura ta lalace.
Wannan ba ya cikin kati.

Jiya na iso, wani yaro ne a ƙofa, da kaki sabo.
Kamfani aka ba gadin.
Baba fa? Ya koma Gamji, in ji Bara'atu,
ba ta ko ɗago kai ba.
"Saura kwana biyu ka ci kyautarka."

Na tsaya, makulli a hannu.
Kwana biyu. Dubu ashirin da biyar ce fa.

Ana kiran isha'i na kama hanyar Jibiya.
Tun daga nesa na gane tocilar.

Katin gwal yana nan, bai tashi a banza ba,
da shi nake kankare lakar kara
daga ƙasan takalmina.