Hasken Aro

Lahadi, saman garejin motoci a Cheetham Hill,
hawa na bakwai, ba kowa sai tattabaru.
Kyamarar ta aro ce. Mai ita ya ce ƙarfe shida,
ya maimaita shidan yana kallon ƙwayar idona.

A takarda na rubuta: rana tana faɗuwa bayan mawaƙi.
A Funtuwa na koyi irin wannan rubutu,
inda rana ba ta saɓa alkawari.
Nan Manchester awa uku muka jira ta
kamar masu bin gwamnati bashi.
Ba ta zo ba. Yayyafi ta aiko ya ba mu haƙuri.

Tasi'u, mawaƙin namu, daga aikin dare ya taho,
ya kwana yana juya tsofaffi a kan gadajensu,
ga shi yanzu cikin farar shadda, ba rigar sanyi,
haƙoransa na wani kiɗa da ba mu saka a waƙar ba.
Na ce masa, yi kamar zafi kake ji.
Ya ce, fam nawa ne ladan wannan ƙaryar?

Barira ce furodusa, ita ce mai kwalliya,
ita ta dafa shinkafar da ke bayan mota.
Ta cire safarta ɗaya ta sa wa makirufo saboda iska,
ta ɓare takardar ƙyalli daga bakin tukunya
ta liƙa a jikin kwali,
ta juyo da tsohuwar motarta, ta kunna fitilu.
Ga ranarka, darakta. Yi sauri kafin batir ya mutu.

Sai ga mai gadi, dogo, mutumin Poland.
Ina takardar izini?
Muka dubi juna. Mu da bismilla kawai muka hau.
Waƙar na fita daga 'yar sifika,
bai san ko kalma ɗaya a cikinta ba.
Ya ce minti goma.
Can ya ce, a'a, hasken nan bai zauna ba,
ya karɓi kwalin daga hannun Barira
ya karkata shi kaɗan,
fuskar Tasi'u ta kama kamar an hura garwashi.
A ƙauyensu, in ji shi, shi ke ɗaukar hoton biki.

Motar ta ƙi tashi.
Hawa bakwai muka gangaro da ita, shadda na jan ruwa.
Shida saura kwata na miƙa kyamara,
mai ita ya shinshina ta kafin ya ce na gode.

Dare goma sha ɗaya ina yanka ina ɗinki
a ɗakina, saman shagon kifi da dankali,
maƙwabciya na dukan bango duk sanda amshi ya dawo.
Na goge tururin bakinsa, hoto bayan hoto,
na zuba wa gajimare ruwan zinariya
har ni kaina na fara jin gumi.

Ranar Juma'a muka sake shi.
Kallo ɗari biyu da sha huɗu,
arba'in a ciki na san na innar Tasi'u ne.
Ta kira ni da asuba, ba ta yi zancen waƙa ba.
Ta ce, ranarku ta yi kyau, Allah ya yi albarka,
amma yaron nan sanyi yake ji.
Na ga kafaɗarsa.