Rabin Lamba

Ni agogo nake gyarawa a bakin kasuwar Wunti:
akwatin gilashi, kujera mai ƙafa uku,
da madubin da nake maƙalawa a ido ɗaya.
Ranar Laraba, an idar da la'asar,
wani dogo ya tsaya, ya tare mini haske.

Ya ce, "Maikano, saje mai ritaya.
Ɗaga murya, kunnen hagu na baro shi a Baga."
Ya kwance ƙullin hankici a kan akwatina.
Lambar yabo ce, faɗin murfin gwangwanin madara,
da ƙyalle mai ratsi uku, gumi ya ci bakinsa.

Na juya ta. Taswirar tafki a fuska,
tutoci huɗu sun haɗa kai kamar masu cin tuwo,
a baya rubutu iri biyu, ban iya ko ɗaya ba.
Na ce, "Allurar ce ta karye? Ɗari biyu."
Ya ce, "A'a. Raba mini ita za ka yi."

Na cire madubi.
Na ce, "Saje, ana raba goro, ana raba gado,
ban taɓa jin an raba lamba ba."

Ya ja bencin mai shayi, ya miƙe ƙafa.
Ya ce, "Akwai Kiyari, sojan Nijar, ɗan Diffa.
Kakinmu daban, tutarmu daban,
hafsansa na ba da oda da harshen da ba na ji,
amma in dare ya yi a tsibiri, sauro ya taso,
da Hausa muke zaginsa mu biyu.
Shi ke dafa shayi mai ɗacin maɗaci,
ni ke fito da ƙulin da mai ɗakina ta aiko.
Wata goma sha ɗaya, buta ɗaya.

"Ranar da kwalekwalenmu ya maƙale a ciyawa,
wuta ta buɗe ta inda ba mu zata ba,
shi ya ja ni da wuyan riga cikin laka,
kamar daga nan zuwa gidan man can.
Ya koma ɗauko wani.
Har gobe ina jiran ya fito.

"Aka yi fareti, aka busa begila,
babban hafsa ya soka mini wannan a ƙirji.
Ya yi magana, amma ta hagu ya tsaya.
Ta Kiyari ban san inda ta bi ba,
ko ta isa gida, ko tana durowar wani ofis.
Ya bar 'ya, Yagana, bana take aji huɗu.
Direban da ke ɗauko tattasai daga can ya san ƙofar."

Na ɗauko ƙaramin zarto.
Hannuna ya saba da abin da ke tafiya,
wannan kuwa lokaci ne da ya tsaya cak.
Ruwan zinariyar a fata yake, cikin tagulla ne,
garinsa na zuba kan tsohuwar jarida.
Zarto ya bi ta tsakiyar tafkin,
tutoci biyu nan, biyu can.
Na sa magagari na kashe kaifin
don kada ya yanki yatsan yarinya.

Ya auna rabi a tafin hannunsa,
ya ce, "Yanzu ta ɗauku."
Ya miƙo kuɗi, na ce ya bar shi.
Ya ce, "Ka ga, ban ji ba," ya nuna kunne,
ya danne ɗari biyar da ƙusar agogo,
ya bi hanyar tasha yana jan ƙafa.

Garin tagullar ban zubar ba.
Yana cikin kwalbar da nake tara matattun batura.
Agogo sha biyu na bugawa a akwatina,
babu biyun da suka yarda da juna,
ni kuma tun ranar ban daidaita su ba.