Masu Ƙetarar da Kwaɗi

Daren nan ma yayyafi ake yi a Ljubljana,
na farko mai ɗumi tun da ƙanƙara ta narke.
Brina ta aiko saƙo ƙarfe shida da rabi:
"Sun taso. Kowa ya zo da bokitinsa."

Mu tara ne a ƙungiyar, in an lissafa da Lovro,
wanda sunansa ya fi ƙafarsa zuwa taro.
Na rufe littafin sinadarai a shafi na arba'in,
na zura riga mai ƙyalli a kan rigar sanyi,
na bi bayan sashenmu, inda fitilun jami'a suke ƙarewa.

Daji na hagu, a kan tudu.
Kududdufi na dama.
Tsakaninsu kwalta, taku goma sha huɗu da ƙafata.
Ban san ko taku nawa ne da ƙafar kwaɗo ba.
Ba a shawarce su ba ranar da aka shimfiɗa ta.
A ruwan can aka ƙyanƙyashe su, can suka nufa,
ko da bas ɗin ƙarfe takwas na tafe da gudu.

Mun kafa shingen leda iya gwiwa tun ranar Asabar.
Ga su nan a gindinsa sun yi cirko-cirko,
kamar masu jiran a buɗe ƙofar asibiti.
Ka haska tocila, ido ya amsa maka da ruwan zinare.
Ka ɗauka, sanyi, taushi, zuciya na bugawa a tafinka.
Mazan ƙanana ne, kuma ba su da kunya,
kowane ya ɗare bayan mace ya ƙanƙame,
ita ke tafiya, shi ke kallon gari.
Ajda ta ce ta san irinsu a ajinsu na shari'a.

Tilen ke ƙirga masu rai.
Ni aka ba wa ɗaya shafin.
Ina bin gefen titi da ƙaramin shebur,
ina ɓamɓaro abin da taya ta bari,
ina rubuta: mace, da ƙwai. Namiji. Ba a gane ba.
Wata na samu rabinta ya manne da kwalta,
rabin yana ta miƙa hannu wajen ruwa.
Ban faɗa wa kowa ba. Na rubuta: mace.

Wani mai baƙar mota ya sauke gilashi,
ya ce iyayenmu na biyan haya muna tsintar ƙazanta.
Jernej ya ɗaga masa bokiti kamar mai tayin abinci.
Muka yi dariya har ruwa ya shiga bakinmu.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka juye na ƙarshe a bakin kududdufi.
An ce jefa kwaɗo a ruwa gata ne.
Babu wanda ya waiwayo.
Ɗaya ma fitsari ya bar mini a safar hannu.

A ƙarƙashin rumfar kekuna muka haɗa lissafi,
shayin Brina ya huce, ana miƙa kofi ɗaya.
Matattu goma sha bakwai, bara sittin da uku.
Na buɗe baki zan yi murna,
Tilen ya juyo mini nasa shafin.
Masu ran ma sun ragu, fiye da rabi.
Ba motoci ne suka koyi tausayi ba,
dajin ne ya aiko kaɗan.
Babu wanda ya ce uffan. Ajda ta shanye sauran shayin.

Gobe da safe ina da gwaji, ban wuce shafi na arba'in ba.
Zan zauna a bayan aji, farcena cike da laka,
in riƙe biro da hannun da ke ƙarnin kududdufi.
Kafin nan zan biya ta bakin ruwan in leƙa
ko an rataya wa ciyayi baƙin zaren ƙwai,
dogo, siriri, kamar jigidar da ba ta da mai ita.

An ce jibi ma za a yi ruwa.
Bokitina na bayan ƙofa, ban wanke shi ba.