Ruwan Malakal

Ina da shekara ashirin da uku
ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta Atbara ta kira sunana:
Tanimu ɗan Gambo, mai gyaran birki,
za ka Jamus ta Gabas koyon injin dizal.
Inna ta ƙulle mini kuka da daddawa a tsumma,
ta ce, "In ka tarar ba sa salla, kai ka yi taka."

A Laifzig na sauka gidan wata dattijuwa, Irmgad.
Dankali da safe, dankali da dare.
Layin nama ya fi layin famfon unguwarmu tsawo,
amma ba wanda ya kwana da yunwa, wannan kam na shaida.
Haya kamar kyauta, likita ba ko sisi.
Sai dai in mutum biyu na hira, na uku ya iso,
zancen sai ya koma kan tsadar gawayi.

Ran Lahadi takan ja labule,
ta murɗa rediyo ƙasa-ƙasa zuwa tashar Yamma.
Ƙanwarta na can bayan waya mai ƙaya,
tafiyar da ba ta kai Atbara zuwa Hartum ba,
shekara takwas ko inuwarta ba ta gani ba.
"Ba labarai nake nema ba," in ji ta,
"yanayin garinsu nake saurare,
in san ko yau ta shanya wanki."

Na yi dariya a ciki.
Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, a ɓara ta kamar goro?
Na ce mata mu a wajenmu koguna haɗuwa suke yi.
Ban ce mata ana harbi a Kudu ba.
Ni ma a lokacin ban kira shi yaƙi ba,
don ƙarar ba ta iso kunnena ba.

Na dawo da takardar shaida da ɗan jan kati.
Shekarar da ja ya zama laifi,
katin ya shiga garwashi ƙarƙashin tukunyar gahawa,
ni kuma na shiga ɗakin Majok,
mai zuba gawayi a tukunyar jirgi,
dogo, ba ya son gishiri, ba ya son taro.
Kwana goma sha ɗaya ina bayan buhunan dawa
ina jin takalman soja, ina jin muryarsa:
"Ba kowa sai tsohuwata, kuma tarin fuka take yi."
Tsohuwarsa ta rasu tun yana goye.

Shekara arba'in katanga ɗaya ta haɗa gidajenmu,
darbejiya ɗaya, inuwa rabi-rabi.
Yana azumin cocinsa, ina nawa,
akushi na tsallake katanga ba ya tambayar addini.

Sai aka kaɗa ƙuri'a, aka ja layi a takarda.
Ya wayi gari baƙo a ɗakin da ya yaɓe da hannunsa.
Ya sayar da gado, ya bar mini akuya da makulli.
Na raka shi har Kosti.
Kwale-kwalen ya cika da katifu da kekunan ɗinki,
ya tsaya a baya, tsawonsa ya sa na daɗe ina ganinsa,
da ma gajere ne.

An ce katangar su Irmgad ta faɗi,
yara sun farfashe ta da guduma.
Ban san ko ta kai ranar ba.
Tamu ba siminti, ba waya,
ba inda mutum zai sa guduma.

Yanzu idona ya yi hazo.
Bayan magariba nakan kira jikata Rumana
ta duba mini wayarta.
Takan ce, "Kaka, mu da ko gajimare ba mu gani,
me ya haɗa ka da ruwan Malakal?"
Nakan ce, duba dai.
Jiya ta ce hadari ne, da iska daga gabas.
Na ce to.
Na tashi na kwance akuyar, jikanyar waccan,
na shigar da ita rumfa.