Ƙirgar Laraba

Ranar Laraba, bayan ƙararrawar tashi,
idan aji ya yi fayau,
mu bakwai muke zama.
A wannan layin da mu takwas ne.
Kujerar Nafi'u tana nan, ba mai hawa,
da sunansa da ya sassaƙa da ƙusa.

Ba malami ne ya tara mu ba.
Morenike ce, 'yar firit mai muryar kwandasta,
ta hau benci ta ce,
"Jiya na gan shi a bakin titin jirgi
yana hira da turken lantarki.
Bai gane ni ba. Wa zai bi ni?"
Hannuwa suka yi nauyi.
Nawa ban san sanda ya tashi ba.

Ni aka ba littafi,
wai rubutuna ya fi karantuwa.

Mun gwada wa'azi a taron safe,
aka yi mana ihu, wani ya jefo ɓawon lemo.
Sai muka koma bayan katanga,
inda kwata ke shan ciyawa,
muka ɗaura leda a hannu muna tsinta:
'yan ledojin giya masu sheƙi kamar na alewa,
kwalaben maganin tari inda ba mai tari,
katin ƙwaya da aka ɓalle tas,
gwangwanin sholisho.

Chidubem na ƙirgawa, ina rubutawa.
Makon farko, ɗari uku da goma sha biyu.
Muka zube su a ƙofar shugabar makaranta.
Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.
Washegari aka toshe ramin katanga da bulo biyar,
bayan kwana biyu aka fasa wani.

Mako na biyu, ɗari biyu da casa'in.
Muka yi karo-karo, muka sayi burodin Agege da zafinsa,
muna yaga muna shewa,
sai Zulai ta ce, "Ku tuna Litinin an yi ruwa,
kwata ta tafi da rabonta."
Burodi ya tsaya a wuya.

Akwai wani ɗan aji ɗaya da ke leƙowa,
jakarsa ta fi shi girma,
kullum wai biro ya yar.
Mukan bar shi ya nema.
Ran nan ya gaji da nema, ya ce,
"A gareji sun ce in na sha
ba zan ƙara tsoron lissafi ba."
Chidubem ya jawo masa kujera, ba ta Nafi'u ba,
suka yi ta raba lambobi har aka kira Magariba.

Mako na shida ne ya kama ni.
Kwalba ce ruwan ƙasa, na juya ta,
ga farashi a gindinta da jan biro:
bakwai mai ƙugiya, sifiri biyu kamar ƙwan ƙadangare.
Na san hannun.
Shi ke sa hannu a katin sakamakona,
shi ke ba ni kuɗin mota da na littafi.
Kawu Sale, mai kemis a bakin kasuwa,
mai ba tsofaffi maganin hawan jini bashi
ya manta da gangan.

"Nawa?" in ji Morenike.
Jirgi ya wuce, ƙasa ta yi rawa,
danfo suka cika sama da ham.
Na ce, "Ɗari biyu da ashirin."
Haka na rubuta.
Ɗaya tana aljihuna.

Yau kwananta shida a jakata,
duk taku sai ta bugi gwangwanin fensir,
ƙwal, ƙwal, kamar mai neman a buɗe mata.
Ga ni tsaye a gaban shagonsa.
Janareta na kuka, yana ƙirga canji,
ya ɗago, ya yi mini murmushin nan nasa:
"Ɗan boko, an taso?"

Hannuna na cikin jaka.
Bakina ya bushe.
Gobe Laraba,
kuma a littafin, gefen ashirin,
na bar ɗan fili.